Takalmi Mai Yatsu Biyar da Ƙashin da Ya Tsage

A shekarar 2013 wata mujallar kimiyyar wasanni ta Amurka ta buga wani sakamako da ya ɗaure wa mutane kai. Sarah Ridge da abokan aikinta na Jami'ar Brigham Young, a jihar Yuta, sun tara mutum 36, maza da mata, duk waɗanda gudu ya zame musu jiki. Aka ɗauki hoton cikin ƙafafunsu da na'urar MRI, sannan aka raba su gida biyu. Mutum 17 suka ci gaba da gudu da kambas ɗinsu na kullum. Sauran 19 aka ba su wani takalmi da ake ta yayinsa a lokacin, Vibram FiveFingers, aka ce su shige shi sannu a hankali bisa tsarin da kamfanin da kansa ya shimfiɗa. Bayan mako goma aka sake ɗaukar hoto. Goma daga cikin 19 ɗin nan ruwa ya taru musu a ɓargon ƙashin ƙafa, alamar ƙashin da ya sha wuya ke nan. Biyu daga cikinsu ma ƙashin ya riga ya tsage. A ɗaya ɓangaren kuwa, mutum ɗaya tak aka samu da irin wannan alama.

Abin mamakin shi ne, jama'a sun sayi wannan takalmi ne don su rabu da raunin gudu.

Wanda bai taɓa ganinsa ba, ƙirarsa ƙirar safar hannu ce, kowane yatsa da aljihunsa. Ƙasansa roba ce siririya, a wasu samfuran kaurinta bai kai milimita huɗu ba. Ba soso, ba tudun dunduniya, ana iya nannaɗe shi a dunƙule a hannu. Sa shi ma aiki ne. Sai mutum ya zauna, ya fara cusa babban yatsa, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya yana raba su da hannu, kuma kusan kullum ɗan ƙaramin ne ke gardama, ya lanƙwashe ya bi maƙwabcinsa aljihu ɗaya. In an miƙe tsaye kuwa, duk tsakuwar da ke ƙasa sai tafin ƙafa ya ƙirga ta. Kambas ɗin gudu da aka saba gani yana da soso mai kauri, kuma dunduniyarsa takan fi wajen yatsu tudu da milimita 10 zuwa 12.

Waɗanda suka rungumi takalmin ba wawaye ba ne, suna da hujjoji masu nauyi. Ranar 10 ga Satumba 1960, a gasar Olamfik ta birnin Rum, wani dogarin fadar sarkin Habasha mai suna Abebe Bikila ya yi gudun yada-ƙanin-wani, kilomita 42 da ɗoriya, ƙafarsa ba takalmi. Cikin dare aka ƙare tseren, sojoji na haska tsohuwar hanyar Rumawa da sandunan wuta, shi kuwa yana tafe a kan duwatsun da aka shimfiɗa ta da su. Ya gama cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya ɗauke zinare. A 2009 kuma wani ɗan jaridar Amurka, Christopher McDougall, ya fitar da littafinsa Born to Run, inda ya ba da labarin ƙabilar Raramuri, waɗanda ake kuma kira Tarahumara, mazauna kwazazzaban jihar Chihuahua a Meziko. Mutanen nan suna gudun nisa na ban mamaki da takalmin da suke yankowa daga tsohuwar taya, su ɗaure shi da tsirkiyar fata. Zancen McDougall shi ne, kambas mai soso da aka fara yayi a shekarun 1970 ya sangarta ƙafar ɗan Adam, kuma bai rage wa masu gudu rauni ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ta zo a Janairun 2010, lokacin da mujallar Nature ta buga binciken Farfesa Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard. Ya auna masu gudu a Amurka da kuma 'yan ƙabilar Kalenjin na Kenya, cikinsu har da yaran da ba su taɓa sa takalmi ba. Ya ga cewa masu kambas galibi da dunduniya suke sauka, kuma a daidai lokacin da dunduniya ta taɓa ƙasa akwai wani bugu na farat ɗaya, mai ƙarfin nauyin jikin mutum ɗaya da rabi har zuwa ninki uku, wanda ke haurawa ta ƙwauri zuwa gwiwa. Waɗanda suka saba gudu ba takalmi kuwa sukan sauka ne da gaban ƙafa ko tsakiyarta, kuma wannan bugun na farko yakan ragu ainun, wani lokaci ma na'ura ba ta ganinsa. Lissafin ya fito sarai ke nan: cire soso, taku ya gyaru, bugu ya ragu, rauni ya kau. Kasuwa ta buɗe, kanti-kanti takalmin ya riƙa ƙarewa.

To, me ya tsaga ƙashin mutanen Yuta?

Wanda aka fara zargi shi ne kamfanin. A 2012 wata mata ta shigar da ƙara a kotun tarayya ta jihar Massachusetts, a madadin kanta da sauran masu saye, tana cewa an yi musu tallar amfanin da ba a tabbatar ba, wato ƙarfafa tsokar ƙafa da rage rauni. A 2014 reshen Vibram na Amurka ya yarda ya ajiye dala miliyan 3.75 don a mayar wa mutane kuɗinsu, har zuwa dala 94 a kan kowane takalmi, ya kuma yarda ya daina wannan iƙirari sai in yana da hujjar kimiyya a hannu. Jaridu suka yi ta shewa, wai asiri ya tonu. Amma wanda ya karanta yarjejeniyar zai ga sulhu aka yi. Kamfanin bai amsa laifi ba, alƙali bai auna ƙafar kowa ba, kuma shari'ar tun asali a kan kalmomin talla take. Ta nuna an yi riga malam masallaci, ba ta faɗi abin da ke faruwa a cikin ƙashi ba. Haka ma labarin da ake yawan jawowa cewa rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta hana sa takalmin a 2011. Gaskiya ne ta hana, amma dalilin da ta bayar shi ne bai dace da kwarjinin kakin soja ba. Wannan shaida ba ta da abin faɗa a kan lafiyar ƙafa.

Sai zargi ya koma kan Harvard, musamman da yake Vibram na cikin waɗanda suka ba da kuɗin binciken, abin da Lieberman bai ɓoye ba, a rubuce yake a jikin takardar. Ni dai ban ga laifin awon ba, domin wasu sun maimaita shi sun ga abin da ya gani. Abin dubawa shi ne me ya auna. Ƙarfin bugu ya auna a taku ɗaya. Bai bi mutane wata da watanni ya ƙirga wanda ya ji ciwo ba, kuma ya rubuta ƙarara cewa sai an yi irin wannan bincike kafin a ce gudu ba takalmi yana rage rauni. Ƙarshen lissafin nan, wato "rauni ya kau", 'yan kasuwa da masu sha'awa ne suka ɗora shi.

Daga nan ne bincike ya fara kama hanya. Lissafin ya ginu ne a kan zaton cewa duk wanda ya sa takalmi siriri zai daina sauka da dunduniya. Wani masanin halittu a Amurka, Peter Larson, ya je wani taron masu gudu ba takalmi a birnin New York ya ɗauki hoton ƙafafunsu da kyamara mai saurin ɗauka. Cikin waɗanda ke gudu da tsurar ƙafa, kusan ɗaya cikin biyar ne ke sauka da dunduniya. Cikin masu sanye da takalmi mai yatsu kuwa, kusan rabi. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Abin da ke koya wa mai tsurar ƙafa sauya taku shi ne zafi: ya buga dunduniya a kwalta sau biyu, na uku ba sai an gaya masa ba. Robar nan ta 'yan milimitoci ta isa ta kashe wannan zafin na fata, amma ba ta isa ta tare bugun da ke shiga ƙashi ba. Mutum sai ya ci gaba da tsohon takunsa, alhali an janye masa katifar da takun ya dogara da ita.

Kuma shi kansa zancen cewa saukar gaban ƙafa ita ce takun asali na ɗan Adam bai tsaya da ƙafarsa ba. A 2013 Kevin Hatala da abokansa suka auna mutum 38 'yan ƙabilar Daasanach, makiyaya da ke zaune kusa da tafkin Turkana a arewacin Kenya, waɗanda su ma ba takalmi suka tashi. Da aka ce su yi gudun da suka saba yi in za su yi nisa, kashi 72 cikin ɗari da dunduniya suka sauka. Ƙasarsu ta fi taushi, gudunsu bai kai na Kalenjin sauri ba. Ashe taku yana bin sauri da irin ƙasar da ake takawa da kuma sabo. A Japan ma an taɓa ɗaukar hoton zaratan 'yan tsere a wata gasar rabin gudun yada-ƙanin-wani a Sapporo, aka ga kusan uku cikin huɗu da dunduniya suke sauka.

Wannan ya bayyana wani sashe na matsalar, amma da sauran rina a kaba. Waɗanda suka bi umarni, suka koma sauka da gaban ƙafa, su ma sun riƙa zuwa asibiti, sai dai wurin ciwon ne ya sauya. A nan sai an duba ginin ƙafar. Ƙasusuwa 26 ne a ƙafa ɗaya. Biyar daga ciki dogaye ne sirara, sun taso daga tsakiyar ƙafa zuwa gindin yatsu. Ƙarƙashinsu akwai kwarmin tafin ƙafa, wanda ke lotsawa ya dawo a kowane taku, a baya kuma ga agara, jijiyar da ta haɗa dunduniya da sha-raɓa. Wani bincike da aka yi a Ingila a 1987 ya ƙiyasta cewa agara na ajiye kusan kashi 35 cikin ɗari na ƙarfin kowane takun gudu ta mayar da shi, kwarmin tafin ƙafa kuma kusan kashi 17. Mai sauka da dunduniya a cikin kambas, gwiwarsa da ƙugunsa da soso ne ke shan mafi yawan wahala. Da ya koma gaban ƙafa, gwiwa takan samu sauƙi, wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa wasu masu tsohon ciwon gwiwa ke rantsuwa da takalmin har gobe. Amma nauyin mutum bai ragu da ko giram ɗaya ba. Ya sauka ne a kan agara da sha-raɓa da ƙasusuwan nan biyar. A birnin Vancouver na Kanada an raba masu gudu kusan ɗari gida uku aka horar da su mako 12 don tseren kilomita goma. Masu kambas na kullum huɗu ne suka ji rauni, masu takalmi mai yatsu bakwai, masu wani takalmi na tsaka-tsaki goma sha biyu, kuma masu yatsun sun fi kowa kukan ciwon ƙwauri da sha-raɓa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Duk da haka tambaya ɗaya ta rage, kuma ita ce babba. Yaron Kalenjin da ɗan Raramuri a kan waɗannan ƙasusuwa biyar suke ɗora nauyinsu, shekara da shekaru. Ƙashinsu ba na ƙarfe ba ne. Me ya bambanta su da ɗan Yuta, wanda ya fi su cin mai kyau, ya kuma fi su likita?

Amsar ta girmi takalmin da shekara 150. A 1855 wani likitan sojan Prusiya, a Jamus ta yanzu, mai suna Breithaupt, ya rubuta labarin kuratan sojoji da ƙafarsu ke kumbura tana zafi bayan doguwar tafiya, ba tare da sun faɗi ko wani abu ya buge su ba. Sai bayan an ƙirƙiro hoton ƙashi, shekaru arba'in da wani abu daga baya, aka gane ashe tsagewa ce a waɗancan dogayen ƙasusuwa. Kurata ne abin ya fi kamawa, waɗanda aka ɗebo daga gida aka ɗora musu tafiyar da ƙafarsu ba ta saba ba.

Ƙashi abu ne mai rai, kuma yana ƙara ƙarfi in ana ɗora masa nauyi. Amma yadda yake yin hakan shi ne inda gizo ke saƙar. In sabon nauyi ya fara yi masa ƙananan tsaga da ido ba ya gani, jiki yakan fara turo ƙwayoyin da ke cinye wurin da ya lalace, aikin 'yan makonni. Bayansu sai masu gini su zo su cike gurbin, su kuma aikinsu watanni yake ɗauka, uku zuwa huɗu, kafin sabon ƙashin ya yi ƙwari. Kamar gyaran katangar ƙasa ne: sai an kankare tsohon yaɓe kafin a yi sabo, kuma in ruwan sama ya sauko a tsakanin kankara da bushewa, katangar ta fi rauni a kan yadda take kafin a taɓa ta. Mako goman da aka yi a Yuta ya faɗo ne a cikin wannan tsakani. Tsoka kuwa cikin 'yan makonni take sabawa. Ciwon sha-raɓa da ke damun sabon shiga a makon farko yakan lafa, mutum ya ɗauka ya gama sabawa, ya ƙara nisa, a daidai lokacin da ƙashinsa ke kankare.

A nan ne aka kama mai laifin, kuma ba wanda aka zata ba ne: ƙwarewar masu gudun ce da kanta. Wanda bai saba gudu ba, in ya sa takalmin nan, kafin ya yi kilomita ɗaya haki ya tsayar da shi, huhunsa ya cece shi. Gogagge kuwa zuciyarsa da huhunsa da cinyoyinsa na iya kai shi kilomita goma ba tare da ya ji komai ba, taku dubu takwas ko fiye, alhali ƙafar da ke ɗauke da shi ta shekara ashirin ko talatin a kwance cikin soso. Daga idon sawu zuwa sama ɗan tsere ne, daga nan zuwa ƙasa kurtu. Yaron Kalenjin ya yi nasa sabon ne tun yana da nauyin kilo goma sha biyar, a kan ƙasa, taku kaɗan-kaɗan, shekara goma ko fiye kafin ya fara gudun gaske.

In wannan bayani daidai ne, to ya kamata haɗarin ya bi yawan nauyi da yawan nisa. Haka kuwa aka samu. A Ostireliya, Joel Fuller da abokansa sun bi maza 61 har mako 26, rabinsu da takalmi siriri marar soso sosai. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna haɗarin rauni a takalmi siriri yana hauhawa ga wanda nauyinsa ya haura kilo 71, kuma ciwo na ƙaruwa ga mai gudun da ya wuce kilomita 35 a mako. Ya kamata kuma in an rage nauyin da ake ɗora wa ƙafa a kowane taku, a ga amfani maimakon illa. Sarah Ridge ɗin nan dai ita ta gwada. A binciken da ta buga a 2019, ta sa masu gudu su ci gaba da gudunsu da kambas, amma su riƙa tafiya kawai da takalmi siriri, daga taku 2,500 a rana har zuwa 7,000, cikin mako takwas. Tsokar tafin ƙafarsu ta ƙara girma da ƙarfi daidai da ta waɗanda aka sa motsa ƙafa na musamman. A Jami'ar Liverpool ta Ingila, a 2021, an sa mutane harkokinsu na yau da kullum da irin wannan takalmi wata shida, ƙarfin yatsunsu ya ƙaru da kusan kashi 57 cikin ɗari. Da aka auna mazan Raramuri kuma aka kwatanta da Amurkawa, an samu wasu tsokokin tafin ƙafarsu sun fi kauri, kwarmin ƙafarsu ya fi tsauri. Wato rabin abin da kamfanin ya biya kuɗi a kansa, batun ƙarfafa ƙafa, daga baya ya samu shaidu. Ɗaya rabin, na rage rauni, shi ne alƙaluman Yuta da Vancouver suka ƙi mara wa baya.

Batun sauri ba ya buƙatar dogon zance. Kowane giram ɗari da aka ƙara wa takalmi yana ƙara wa mai gudu kusan kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da yake ƙonawa, don haka rashin nauyi riba ce. Amma a Jami'ar Colorado an gano a 2012 cewa ɗan soso marar nauyi yana biyan kuɗin kansa, domin in babu shi tsoka ce ke yin aikin tare bugu. Bikila da kansa, da ya je Tokyo a 1964, da takalmi ya yi gudu, makonni kaɗan bayan an yi masa tiyata a ciki, ya kuma rage fiye da minti uku a kan lokacinsa na Rum. Eliud Kipchoge, ɗan ƙabilar Kalenjin, da ya yi gudun yada-ƙanin-wani cikin ƙasa da awa biyu a Biyana a 2019, a kan tulin soso da farantin kabon ya yi shi, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta sa doka a 2020 cewa kaurin takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40.

Tattaki a daji da hawan dutse lissafinsu dabam ne, kuma a ganina nan ne takalmin ya fi samun abin kare kansa. Mai tafiya yana ɗora wa ƙafa nauyin jikinsa da ɗan ƙari ne kawai a kowane taku, mai gudu kuwa ninki biyu da rabi ko fiye. Masu binciken sojoji sun daɗe da auna cewa kilo ɗaya a ƙafa yana gajiyar da mutum kamar kilo biyar ko shida a baya, saboda haka wanda ya ajiye but mai nauyi ya rage wa kansa kaya na gaske. Tafin ƙafa kuma yana jin dutsen da ya taka, ya kama shi, ya gyara tsayuwa kafin jiki ya karkace, kuma wanda ke dab da ƙasa ƙafarsa ba ta da tudun da za ta gurɗe daga kai. Tun a 1955 wata dattijuwa Ba'amurkiya, Emma Gatewood, tana da shekara 67, ta taka hanyar Appalachia mai tsawon fiye da kilomita 3,000 da kambas na yadi, lokacin da kowa ke cewa sai da but.

Amma dutse ba ya sassauci. Awa ta farko a kan tsakuwa daɗi ce, ta shida kuwa kowane taku sai an zaɓi wurin sa ƙafa, kuma gajiyayyen mutum ba ya zaɓe. Ga jaka a baya, wadda ke ƙara wa ƙasusuwan nan biyar kaya. Ga gangara, inda nauyi ke tururuwa gaba. Ga tuntuɓe: a cikin sau-ciki yatsu biyar ne ke raba bugu tare da bakin takalmi, a nan kuwa ƙaramin yatsa shi kaɗai yake fita ya gamu da saiwa ko dutse. Ciyawa da 'ya'yan itace suna maƙalewa a tsakanin yatsu, sai an tsaya an zare. A wuri mai sanyi yatsun da aka raba sun fi saurin ƙanƙarewa. Da yake kuma yawanci ba safa ake sa shi, warinsa ya yi suna a tsakanin masu shi kansu. Akwai abin mamaki a tarihin kamfanin a nan. Vitale Bramani ya kafa shi ne bayan abokan hawansa shida sun mutu a tsaunukan Italiya a 1935, ya ɗora laifin a kan rashin takalmin kirki, ya fito da ƙasan but na roba mai kauri da manyan haƙora a 1937. Da irinsa 'yan Italiya suka fara hawa ƙololuwar tsaunin K2 a 1954.

Wanda zai shiga dajin ƙasarmu da shi kuwa sai ya ƙara da nasa lissafin. Saman takalmin yadi ne, ƙarangiya za ta yi masa ado tun daga bakin gona, ƙayar aduwa ko ta bagaruwa kuma ba ta jin kunyar roba siririya. Asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ya san inda kububuwa ta fi sara, ƙafa ne da idon sawu, shi ya sa ake yi wa manoma nasihar dogon but. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwa, shi kam babu ruwansa da wannan takalmi ko kaɗan, domin dukan amfaninsa ya rataya ne a kan jin ƙasa, shi kuwa jin ne ya rasa. Akwai kuma ɗan birnin da zai ce ai shi a ƙauye ya tashi, ba takalmi ya yi kiwo ya yi ƙwallo. Da gaskiyarsa, kuma bincike ya ba kaushin ƙafarsa daraja: a 2019 rukunin Lieberman ya nuna a Nature cewa kaushi yana kare tafin ƙafa ba tare da ya rage mata jin ƙasa ba, abin da soso ba ya iyawa. Sai dai kaushi da tsoka da ƙwarin ƙashi duk suna zubewa in an daina amfani da su. In ya shekara ashirin tsakanin sau-ciki da mota da ofis, ga tumbi ya ƙaru, ƙafarsa ta fi kusa da ta ɗan Yuta a kan ta yaron da ya bari a ƙauye.

Saura abu ɗaya da ba a bincika ba, su yatsun kansu. Takalman da aka yi amfani da su a binciken tafiya na Ridge da na Liverpool ba su da aljihun yatsu. Faffaɗan baki kawai gare su, da ƙasa siririya mai lanƙwasuwa, ba tudun dunduniya. Takalmin tayar Raramuri ma haka. Ashe abin da ya fi jan ido a jikin takalmin ba shi ne ke kawo ƙarfin ƙafar ba. Yana dai kawo wahalar sawa, da matsala ga wanda yatsansa na biyu ya fi babban tsawo ko yatsunsa suka hau juna. Asalinsa ma ba daga fagen tsere ya fito ba. Wani ɗalibin zane daga tsaunukan arewacin Italiya, Robert Fliri, shi ya ƙirƙiro shi a 1999 don yawo a duwatsun garinsu, jikan Bramani ya karɓi ƙirar, kuma da aka fito da shi kasuwa wajen 2005, masu jiragen ruwa na shaƙatawa aka nufa da shi, mutanen da ke son kama jiƙaƙƙen daɓen jirgi da ƙafa kada santsi ya kwashe su. Wani Ba'amurke mai sha'awar gudu ba takalmi, Ted McDonald, shi ya tuntuɓi kamfanin ya ce a ba shi ya gwada, ya kuma yi gudun yada-ƙanin-wani na Boston da shi a 2006. Kafin ya sa shi, ya riga ya daɗe yana gudu da tsurar ƙafa.